Kaltumi Mai Ƙwarya da Farin Dutsen Bidzar

Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Garwa a shekarun baya, ta wajen masu tukwane, zai tuna da wata mace doguwa, siririya, da ke zama a gindin darbejiya da kaskon garwashi a gabanta. Kaltumi ke nan, mai zanen ƙwarya. Ba ta kiran ciniki. Sau da yawa mai saye zai yi sallama har sau biyu kafin ta ɗago, domin in ta ɗora bakin ƙarfe mai zafi a bayan ƙwarya, siririn hayaƙin nan ya tashi, hankalinta yakan bi shi ya tafi. Maƙwabtanta na kasuwa sun saba. Sai su ce wa baƙo, “Ɗan jira ta, yanzu za ta dawo.”

Kakanninta fatake ne da suka zo daga Katsina ta hanyar Yola, suka ga bakin kogin Binuwai ya yi musu, suka kafa gida. Mahaifinta, Malam Dawuda, shi ne na ƙarshe a gidan da ya yi fatauci da jakuna. Yakan kai goro da baƙin yadi Marwa, ya dawo da kanwa da fatu. In ya dawo ba ya iya ba da labari da baki kawai, sai ya tsuguna a tsakar gida ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana abin da ya gani da yatsa: ga kogi, ga inda kura ta bi su, ga rumfar mai nonon da ta cuce shi.

Wata rana, Kaltumi tana da shekara bakwai, ya zana mata babbar da'ira, ya kewaye ta da ƙanana, wasu a manne da ita, wasu a cikinta, wata kuma ya ja mata wutsiya.

“Baba, wannan wane gari ne?”

“Ba gari ba ne. Wani farin dutse ne shimfiɗe kamar tabarma, a inda muke sauke wa jakuna kaya. A kansa na ga wannan. An sassaƙa shi a jikin dutsen.”

“Wa ya sassaƙa?”

“Allah ne masani. Na tambayi mutanen wurin, suka ce su ma haka suka tarar.”

Kaji suka bi ta kan zanen suka watsa shi kafin la'asar. Amma ya zauna a kan yarinyar. Ta ɗauka irin tatsuniyoyin Baba ne, don a duk duniyar da ta sani, dutse baƙi ne ko ja. A ranta ta sa wa zanen suna zangon Baba, ba ta kuwa taɓa faɗa wa kowa ba.

Sana'ar kuma ba a gidansu ta gada ba. A bayan katangarsu akwai wata Bafulatana, Dada Fadimatu, wadda ta iya zanen ƙwarya tun daga uwarta. Kaltumi takan je aike ta manta da dawowa, tana kallon yadda tsohuwar ke juya ƙwarya a cinya kamar mai lallashin jariri. Ganin haka Dada Fadimatu ta miƙa mata fasasshen ƙoƙo da ƙarfe ɗaya. Ta koya mata zanen Fulani yadda yake: layuka miƙaƙƙu, da kusurwa-kusurwa kamar haƙoran zarto, da baƙin fili da ake ƙonawa a hankali har ya yi sheƙi. Babu da'ira a ciki, sai wadda ke zagaye gindin ƙwarya. Ranar da Kaltumi ta fara saka zangon Baba a jikin wani masaki, tsohuwar ta juya shi ta sake juyawa, ta ce da Fulatanci, “Wannan ba namu ba ne. Amma ya zauna.”

Da ta yi aure da Hamadu, wani mai sayar da busasshen kifi, ta ci gaba da aikinta. Mutum ne mai sanyin hali, kuma da aka tare ruwa a Lagdo, kifi ya yawaita, sai ya zama rabin mako yana can. Ita kuma ta samu wuri a kasuwa. Mafi yawan masu sayen ƙorenta iyayen amare ne, masu haɗa kayan ɗaki. Su kuwa ba sa sayen abin da ba shi da suna. Wata hajiya ta taɓa nuna da'irorin nan ta ce, “Wannan fa, me ake ce masa?” Kaltumi ta ji nauyin ta ce zangon jakuna ne a kan ƙwaryar amarya. Ta dubi babbar da'irar da ƙananan da ke manne da ita, sai bakinta ya ce, “Uwa da 'ya'ya.” Hajiyar ta yi murna, ta ce Allah ya sa amarya ta ga haka, ta sayi uku. Daga ranar sunan ya bi zanen.

A shekarar 1986, ana tsakiyar zafin bazara, wasu baƙi biyu suka tsaya a gindin darbejiyar. Ɗaya tsohon Bature ne mai farin gemu, wuyansa ya yi ja kamar gauta. Ɗayar budurwa ce baƙa, gajera, da jakar takardu a kafaɗa da ɗan gicciye a wuya. Ita ce ta yi sallama da Hausa, irin Hausar kasuwar Mora mai ɗan karkacewa. Ta ce sunanta Léontine, 'yar duwatsun bayan Mora ce, tana karatu a Yawunde, wannan kuma malaminta ne. Kaltumi ta gwada sunan sau biyu harshenta ya ƙi, sai ta ce, “To, Lanti.” Budurwar ta yi dariya ta amsa.

Baturen bai zauna ba. Idonsa na kan wani masaki da ke jingine da bishiya. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya yi wata doguwar magana da Faransanci. Léontine ta buɗe jaka ta warware wata takarda mai shara-shara, ta shimfiɗa a kan tabarma. Kaltumi ta duba, sai ta ji kamar an kira ta daga nesa. Babbar da'ira ce da ƙanana, har da mai wutsiyar.

“Adda Kaltumi,” in ji Léontine, “Profesa yana tambaya, wa ya koya miki wannan aiki?”

“Dada Fadimatu, Allah ya jiƙanta.”

“Ita kuma wa ya koya mata?”

“Uwarta. Uwar ma uwarta.”

“Wannan zanen yana da suna?”

“Uwa da 'ya'ya muke ce masa. Amare ake saya wa.”

Da aka fassara masa, tsohon ya rufe ido ya ɗaga fuska sama kamar wanda aka zuba wa ruwan sanyi. Duk abin da Kaltumi ta faɗa gaskiya ne, an tambaye ta aiki ta faɗi wadda ta koya mata aiki. Ba wanda ya tambaye ta daga ina da'irorin suka zo, ita kuma hankalinta na kan takardar, tana mamakin yadda zanen Baba ya tsere wa kaji ya je hannun Bature.

Léontine ta riƙa dawowa ita kaɗai, kusan kullum, da littafi da alƙalami. A nan ta bayyana wa Kaltumi abin da suke nema. A Bidzar, kan hanyar Marwa bayan an wuce Figil, akwai zane-zane a jikin dutse waɗanda ba a san shekarunsu ba. Waɗanda suka yi su ba su bar rubutu ba, ba su bar jikoki da ke tuna su ba. Malaminta ya yi shekara talatin yana zama cikin ƙabilu, yana rubuta yadda suke aure da binne mamaci da sa wa abubuwa suna. Abin da ya yi imani da shi shi ne, tunanin mutanen ƙasa ba ya mutuwa, sai dai ya sauya mazauni: abin da mutanen farko suka sassaƙa a dutse zai iya ɓuya a jikin tukunya, ko tsagar fuska, ko ƙwaryar mata. In kana son ka ji bakin matattu, sai ka saurari rayayyun da suka gaje ƙasarsu.

“To ai ni ba 'yar ƙasar ba ce,” in ji Kaltumi. “Mu Katsinawa ne.”

“Ya ce hannunki ne ya gada, ta wajen Dada.”

Kaltumi ta juya maganar a ranta, ta ga tana da daɗin ji. Kwana da kwanaki tana hura garwashi tana ganin wasu mata a cikin hayaƙi, dogaye, ba ta ganin fuskokinsu, suna miƙa wa juna wani abu hannu da hannu daga can ƙarshen duniya har ya iso cinyarta.

Da damina ta ɗauke, suka ce za su kai ta ta ga dutsen. Hamadu ya yarda, ya ce ta gaishe masa da mutanen da. Suka tashi da sassafe a wata tsohuwar mota mai ƙarar ƙofa. Kaltumi ba ta taɓa wuce Pitowa ba. Ta ga gonakin auduga sun yi fari, ta ga duwatsu sun taso ɗaya bayan ɗaya, shuɗi-shuɗi, kamar shanun da suka kwanta suna tuƙa. Wajen hantsi suka sauka, wani dattijo ɗan ƙabilar Gidar mai suna Zacharie, wanda gonarsa ke wurin, ya shige gaba yana ture ciyawa da sanda.

Sai ga shi. Farin dutse, shimfiɗe a ƙasa, nan faifai ɗaya, can faifai ɗaya, tsakanin ƙaya da busasshiyar ciyawa. Rana ta sauka a kansa yana ta walƙiya, iskar da ke samansa tana rawa kamar ruwa. Kaltumi ta cire takalmi ba tare da an ce mata ba. Ta taka, dutsen da ɗumi. Ta ga da'ira a ƙarƙashin ƙafarta, ta ga wata a gaba, ta ga wasu goma. Can gefe akwai tsohuwar tsamiya, ƙarƙashinta ƙasa ta lotsa, irin lotsawar wurin da dabbobi suka daɗe suna tsayawa. Sai ta ji kamar ƙarar akala da atishawar jaki, ta ji ƙamshin goro a cikin huhu, ta ga wani mutum tsugune a inuwa ya cire rawani yana fifita da shi, yana kallon dutse da kai a karkace yadda yake yi in abu ya ɗaure masa kai. Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Dawuda. Ta zauna a kan dutsen ta yi kuka marar sauti.

Baturen ya ga hawayen, ya cire hularsa, ya ja da baya don girmamawa. Ya rubuta wani abu a littafinsa.

Léontine ce ta zo ta zauna kusa da ita. “Adda, lafiya?”

“Lanti, nan ne zangon Baba.”

Ta ba ta labarin duka: yatsa a ƙasa, da kaji, da abin da Dada Fadimatu ta ce, da hajiyar da ta nemi suna. Léontine ta saurara, alƙalaminta a hannu bai motsa ba. Da Kaltumi ta gama, budurwar ta daɗe tana kallon wata ƙadangaruwa a kan dutse.

“Wato daga nan zanen ya je ƙwaryarki.”

“Daga nan.”

“Sunan kuma ke kika sa.”

“Ni na sa. Ranar wata Laraba.”

Léontine ta tashi ta je wajen malaminta. Kaltumi tana hango su, ita tana magana da hannu biyu, shi yana shafa gemu yana murmushi. Da ta dawo ta ce, “Ya ce ba kome. Ya ce ko da ke kika sa sunan, ba banza ya zo bakinki ba. Wai idon macen ƙasar nan ya ga abin da idon macen farko ya gani.” Ta faɗi haka tana kallon ƙasa. Shi ma Zacharie an tambaye shi ma'anar zanen, ya ce kakansa ya ce aikin waɗanda suka riga kowa zuwa ne, iyakar abin da ya sani ke nan, kuma awakinsa na son kwanciya a kai da yamma.

Bayan shekara uku littafin ya fito a ƙasar Faransa. Léontine ta aiko mata da shi ta hannun wani direba, ba tare da wasiƙa ba. Kaltumi ba ta karanta boko, amma ta ga hotonta, zaune a kan farin dutse da hannu a fuska, a shafi na gaba kuma masakinta kusa da zanen dutsen. Wani malamin makaranta da ke sayen ludayi a wajenta ya karanta mata abin da ke ƙasa. An ce zane-zanen Bidzar alamar haihuwa ne da zuriya, wataƙila wurin da mata ke zuwa roƙon ɗa, kuma shaidar hakan tana raye har yau a hannun matan Garwa, waɗanda suka riƙe sunan tun zamanin da ba a sani ba. An ce wannan mata ta fashe da kuka da ta ga aikin kakanninta. Babu Malam Dawuda a ciki, babu jakuna.

Kasuwa ta buɗe mata. Turawa masu zuwa kallon namun daji sukan biyo ta Garwa da littafin a hannu, suna neman matar da ke cikin hoto. Matan da ke sayar da ƙore a bakin otal suka koyi zanen, har da waɗanda ba su taɓa riƙe ƙarfe ba sai a lokacin. Kaltumi ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ta aurar da 'ya'yanta mata biyu cikin rufin asiri. Ba ta ƙi wannan ba. Amma abin bai kwanta mata a rai ba. Ranar da abin ya fi damunta ita ce ranar da wata mata daga Gidar ta zo sayen ƙwarya, ta ce ai ita ma ta je farin dutsen nan ta shafa cikinta a kai, don shekara shida ba ta samu haihuwa ba, kuma an ce tun zamanin da can haka mata ke yi.

“Wa ya ce miki?”

“Masu kai baƙi wurin. Kowa ya sani.”

Ranar Kaltumi ta kashe garwashinta tun kafin azahar. Ta gaya wa Hamadu ta sa wa matattu magana a baki, ga shi rayayyu sun fara bi. Ya ce ai ba ƙarya ta yi ba, tambayar ce ta zo a karkace. Ta ce ta sani, amma in ta kwanta ƙailula takan ga mutanen nan zaune a kan dutsensu, suna aikinsu, sai su ɗago su dube ta, ba fushi a fuskarsu, kallon mutumin da aka kira da sunan wani kawai. Daga lokacin ta daina faɗin sunan. In an tambaye ta sai ta ce, “Zane ne.” Masu saye su ce, “Ai uwa da 'ya'ya ne,” su koya mata.

Shekara goma sha shida Léontine ba ta tako kasuwar ba. Sai a 2003, wata mata mai ƙiba da tabarau ta tsaya a gindin darbejiya ta ce, “Adda Kaltumi, kin gane ni?” Lokacin Hamadu ya rasu, ƙwarya kuma ta ja baya, roba da kwanon silba sun cika kayan ɗakin amare. Kaltumi ta gane muryar kafin fuskar. Ta matsa mata a tabarma.

Léontine ta zama malama a Ngaundare, malaminta ya rasu a ƙasarsu. Ta ce duk shekara tana koya wa ɗalibai littafin nan, duk shekara in ta zo shafin hoton sai ta yi sauri ta wuce. A bara wani ɗalibi ya tashi ya tambaye ta, ta yaya aka san abin da ke kan mutumin da ya mutu shekaru dubu daga bakin wata mai sayar da ƙwarya a kasuwa? Ta ba shi amsar da aka ba ta, ta koma gida ta kasa cin abinci.

“Na ji abin da kika gaya mini a kan dutse, Adda. Na rubuta shi ma, daga baya. Amma ina son takardar gama karatuna, shi kuma tsoho ne, ya riƙe ni kamar 'yarsa, wannan ne littafinsa na ƙarshe. Sai na yi shiru. Ki yafe mini.”

“Ni ma ai na ci kasuwar,” in ji Kaltumi. “Sha ruwa tukuna.”

Suka koma Bidzar su biyu, a motar haya. Zacharie ya rasu. Wasu daga cikin faifan dutsen da Kaltumi ta tuna babu su, sai ramuka da farin tsakuwa, masu fasa dutse sun kwashe. Wani mutum da ke kai baƙi ya tare su ya fara bayani da Faransanci, Kaltumi ta tsinci sunan da ta sa wa zanen a ciki, Léontine ta sallame shi da godiya. Suka zauna. Gajimare ya rufe rana, dutsen ya yi fari fat kamar nono a ƙwarya.

“To ke a ganinki me suke nufi?” in ji Léontine.

“Ban sani ba, Lanti. Wallahi ban sani ba. Amma ba ni hannunki.”

Ta kama yatsan Léontine ta ɗora a cikin layin wata da'ira, ta bi da shi a hankali. “Kin ji? Ba ja ya yi ba, bugawa ya yi, ɗigo bayan ɗigo. Nan ya fara, don nan ya fi zurfi, hannu bai gaji ba. Ta nan ya zagayo. A nan ya tashi ya sake zama, kin ga layin ya ɗan karye, ni ma haka nake yi in na juya ƙwarya. Wannan ƙaramin kuma ba shi ya yi ba. Wannan mai gaggawa ne, bai haɗe bakin ba ya tafi.” Ta rarrafa zuwa wani. “Wannan ya iya. Wannan ya yi dubu kafin ya yi wannan. Ga inda ya zauna, inda babu zane, daidai faɗin mutum.” Ta zauna a wurin, ta miƙa hannu, hannun ya kai daidai bakin da'irar.

Har rana ta karkata suna rarrafe a kan dutse kamar masu tsintar gero, tsohuwa tana faɗa, malama tana rubutawa. Kaltumi ta rarrabe hannu biyar. Ɗaya ta ce bahago ne, amma ta ce kada a rubuta, ba ta tabbata ba. Léontine ta rubuta cewa ba ta tabbata ba.

Takardar da Léontine ta fitar bayan shekara biyu 'yar siririya ce, shafi goma sha takwas. Ta ba da labarin Malam Dawuda da jakunansa da hajiyar ranar Laraba, ta amsa laifin shirunta, sannan ta jera abin da mai sana'a ta gani a aikin masu sana'a. Ta sa sunan Kaltumi Dawuda kusa da nata a sama. Wasu malamai suka yaba, wasu suka ce ta ci amanar malaminta, wani kuma ya rubuto ya ce ita ma ai abin da ta zargi tsohon da shi ta yi, ta auna mutanen da da hannun matar yau. Da Léontine ta kawo mata wannan magana, Kaltumi ta yi dariya har ta share ido, ta ce mutumin yana da gaskiya, a gaishe shi. A Bidzar kuwa masu kai baƙi ba su sauya ko kalma ɗaya ba.

Daga nan idon Kaltumi ya fara yin hazo. Ta rage zuwa kasuwa. Da tashin hankali ya sauka a kan iyaka wajen 2014, baƙin waje suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, sai motoci ke saukowa daga arewa da mata da ƙullin kaya. Wata safiya Léontine ta bugo waya, muryarta a dishe. An kai hari ƙauyensu a bayan Mora, an ƙone rumbuna, an kashe mijin yayarta Rosalie. Rosalie ta iso Garwa, ta ƙi wucewa Ngaundare, ta ce ba za ta ƙara nisa da dutsensu ba.

“Turo mini ita,” in ji Kaltumi. “Ɗakin yara a buɗe yake.”

Haka tsofaffin biyu suka zauna shekara biyar a gida ɗaya. Ɗaya ta yi alwala, ɗaya ta tafi coci ranar Lahadi da ɗankwalin aro. Rosalie manomiya ce, ba ta iya zama haka, sai ta shuka duma a bayan gida ya hau katanga ya rufe ta. Ita ke yanka shi, ta kwashe cikin, ta kankare, ta shanya. Da farko ba ta magana sai an tambaye ta. A hankali, suna zaune da hantsi suna kankarar ƙwarya, ta fara faɗin ƙauyensu: gonaki hawa-hawa a jikin dutse kamar matakala, ɗakuna masu tsinin kai a cunkushe, rijiyar da ke ƙarƙashin ɓaure, hanyar da ake bi da tulu, inda kabarin uwarsu yake.

Wata rana ta ajiye wani masaki a cinyar Kaltumi, mafi kyau a cikin na shekarar, ta ce, “Yi mini ƙauyenmu a nan.”

“Ba na gani, Rosalie.”

“Ni ina gani. Ke riƙe ƙarfen.”

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Rosalie ta hura wuta, ta kama wuyan hannun Kaltumi ta kai shi inda za a fara, ta ce, “Daga nan hawa bakwai, na huɗun ya fi faɗi, na mijina Pierre ne.” Kaltumi ta ja layin da ji. Sau biyu ta ƙone babban yatsanta. Ɓauren ya fito a karkace, Rosalie ta ce dama a karkace yake. Da suka zo gidan Rosalie kanta, ta ce a yi shi da rufinsa.

Shi ne aikin Kaltumi na ƙarshe. Ta rasu a daminar 2019, ranar Juma'a da hantsi, bayan zazzaɓin kwana uku, 'ya'yanta na kusa da ita. Léontine ta zo daga Ngaundare ta zauna kwana bakwai cikin masu karɓar gaisuwa. 'Ya'yan suka ce wa Rosalie ɗakin nata ne muddin tana so, amma da aka ce hanya ta ɗan lafa, ta ɗaure kayanta ta nemi motar Mora. Léontine ta raka ta tasha tana ta roƙonta ta ƙara ko shekara ɗaya. Rosalie ta ce an yi ruwa sau uku, in ba ta je yanzu ba shuka za ta wuce ta. Yaran mota suka so su ɗora masakin a sama da sauran kaya, ta hana. Ta zauna kusa da taga, ta kife shi a kan gwiwoyinta, irin dawa na ƙulle a cikinsa, motar ta tashi.